Mijin Mai Awon Ƙanƙara

Lokacin da nake neman auren matata na tambaye ta me take karantawa a jami'ar da ke Gubi a nan Bauchi, ta ce labarin ƙasa. Na ce madalla. A zatona sunayen koguna ne da manyan birane, irin wanda muka haddace a sakandare muka manta. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar gwamnati, ban cika tsoma baki a karatun da ba nawa ba. Sai da ta tare a sashena na gidanmu na gado a Ƙofar Ran, ta kafa kwamfutarta a kan teburin da na saba ɗora kwanon tuwo, sannan na gane abin da na auro.

Aikinta gadin ƙanƙara ne. Ba irin ta buhu da ake rububi da azumi ba. Akwai wasu duwatsu a kan iyakar Uganda da Kwango, ana ce musu Ruwanzori, tsawonsu ya kai inda sanyi ba ya barin ruwa ya zauna a ruwansa. A can ƙololuwa akwai ƙanƙara shimfiɗe tun kafin kakannin kakanninmu, kuma tana ta narkewa tana ja da baya saboda duniya na ƙara zafi. Tauraron ɗan'adam yana giftawa ta sama yana ɗaukar hoto. Ita kuma matata, daga nan Bauchi, sai ta sauke hotunan, ta bi gefen farin nan da siririn layi, ta gwada na bana da na shekarun baya, ta haɗa da bayanan zafi da na ruwan sama da ake turo mata daga can, ta faɗi yawan abin da ya ɓace. Mace ce da ba ta taɓa wuce Jos ba, zaune a garin da kwalta ke laushi a watan Afrilu, mafici a hannun hagu, hannun dama yana zagaye ƙanƙara.

Babban abokin gabanta gajimare ne, don waɗannan duwatsun kusan kullum a lulluɓe suke. Sai ta wuni tana jiran hoto guda ya sauka, ga intanet mai ja da gindi, ga masu wuta suna wasa da hankalin mutane. Da hoton ya buɗe sai ka ga fari fat tun daga sama har ƙasa, ba ƙanƙara ba, gajimare. Sai ka ji tsaki mai tsawo. A ƙarshen bazara, lokacin da duk garin ke ɗaga kai sama ana roƙon hadari, ni ina da mace a ɗaki tana yi wa gajimare Allah ya isa. Na roƙe ta ta riƙa rage murya, kada maƙwabta su ji su ce ita ta riƙe damina.

Hajiya, mahaifiyata, ita ce babbar gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ba ta cika shiga sashen surukanta ba, amma babu abin da ke wuce ta. Wata rana da yamma na je gaishe ta, tana gyaran zogale a faranti, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

“Wai me yarinyar nan take kallo tun safe? Ba waƙa, ba wasan kwaikwayo, ko motsi ba na ji.”

Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, har da kwatance da hannu. Ta saurara har na gama.

“Ƙanƙarar ta wa ce?”

“Ba ta kowa ba ce, Hajiya. Ta Allah ce.”

“To, in ta Allah ce, wa ya sa ta gadi?”

Na ce masu ilimi ne suke son sanin yadda duniya ke sauyawa.

“Idan ta narke, ita za a kama?”

“A'a.”

“Tana iya hana ta narkewar?”

“A'a, Hajiya.”

Ta karkaɗe farantin, ta ce, “Boko ke nan.” Ta aike ni in kira mata mai gawayi.

Amma a waje Hajiya alfahari take yi. A gidan wani suna ta faɗa wa ƙawayenta cewa surukarta da tauraro take aiki, tana zaune a ɗaki tana ganin abin da ke faruwa a wata ƙasa. Kafin mako ya zagayo an fara sallama. Ta farko wata maƙwabciyarmu ce, mijinta direban tirela ne mai zuwa Fatakwal. Ta zo da kwanon dambu, ta zauna, ta yi ƙasa da murya, ta ce a duba mata ko da gaske a cikin mota yake kwana. Matata ta nuna mata cewa a irin hotunan da take aiki da su, gida sukutum ɗigo ne kawai, ballantana mutum. Matar ta gyaɗa kai, ta tashi. A soro na ji tana ce wa wata, “Ta gani. Ba ta son tashin hankali ne.”

Kawuna ma ya zo, a nuna masa gonarsa ta Zungur. Aka lalubo masa wajen, wani kore-kore mai dishi-dishi kamar an goge alli da hannu. Ya kafa tabarau, ya daɗe yana kallo, sai ya buga cinya. “Na sani! Wallahi maƙwabcina ya ci mini iyaka!” Da ƙyar aka hana shi tafiya wurin mai gari a ranar.

Haka muka zauna har muka haifi yara biyu, ita kuma ta shiga karatun digirin dakta, duk a kan ƙanƙarar nan. Sai wata rana saƙo ya zo daga mutanen da take aiki da su daga nesa. Za su hau dutsen, kuma suna so ta zo. Dalili kuwa, tauraro daga nesa yake hange, yana iya ruɗuwa. Sai an je an taka gefen ƙanƙarar da ƙafa, riƙe da na'urar da ke nuna daidai inda mutum yake tsaye, a gwada da layin da aka zana a ɗaki. Ta karanta mini saƙon. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, har ranar aurenmu, kuma na faɗa mata hakan.

A gida irin namu ba a yanke magana irin wannan a ɗaki. Aka zauna a tsakar gida. Yaya, babban wanmu, malamin zaure ne mai almajirai manya, mutum ne mai kirki wanda bai taɓa yin dariya kafin ya tabbatar da halaccinta ba. Ya gyara rawani ya ce shi ba ya hana neman ilimi, amma mace ba ta yin irin wannan doguwar tafiya babu muharrami. Matata tana zaune can gefe kusa da murhu, kanta a sunkuye, tana murza gefen mayafinta. Sai na ji bakina ya ce:

“Ai ga ni.”

Rabi saboda ita na faɗa. Ɗaya rabin kuwa, ban taɓa shiga jirgin sama ba. Masu tafiyar suka ce babu laifi in zo, muddin zan hau da ƙafafuna. Na ce su kwantar da hankalinsu, mu mutanen Bauchi cikin duwatsu aka haife mu.

Kayan sanyi muka fara nema. A kasuwar Wunti akwai wani Ibo mai gwanjo, haifaffen garin nan, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai a wurinsa komai na duniya namiji ne. Da muka faɗa masa inda za mu, ya shige can ƙuryar shago, ya daɗe yana tono, ya fito da wata jar riga mai kumburi kamar katifa.

“Malam, wannan riga, shi ne mutanen Rasha yake sawa. In ka sa shi, ko cikin firji ka kwana, zufa za ka yi.”

Ya rantse sai na gwada. Da tsakar rana, a ƙarƙashin rufin kwano, ya ja mini zif har haɓa, ya jawo hular ta rufe mini kunnuwa. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, “Allah ya ba shi lafiya.” Shi kuwa mai shagon ya ja da baya yana kallona kamar ya ɗinka da kansa, ya ce wa matata, “Madam, ka ga mijinka? Bature!”

Ita tun daga ranar ta daina hawa keke. Duk inda za ta a cikin gari da ƙafa take zuwa, da jaka cike da littattafai a bayanta, har mutane suka fara tambayata ko mun sami saɓani ne. Ranar Asabar ta ja ni wani dutse da ke gaba da Zungur don mu saba. Na ce bari in sa jar rigar, a gwada ta a fagen aiki. Manoma suka ajiye fartanya suna kallonmu. Wani dattijo ya bar kunyarsa ya tako har bakin hanya.

“Malam, zazzaɓi ne?”

Na ce atisaye ne. Ya dubi rigar, ya dubi rana, ya ce Allah ya sa a dace. Na kai kamar tsakiyar dutsen, na sami inuwar wata ɗorawa, na zauna. Matata ta hau har ƙarshe ta dawo ta same ni na cire rigar na yi matashi da ita. Na ce mata na riga na gane yadda abin yake, ba sai na maimaita ba. Sauran shirina a majalisa na yi shi, inda abokaina, waɗanda babu wanda ya taɓa ganin sanyin da ya wuce na Jos a cikinsu, suka haɗu a kan cewa citta da kanumfari da masoro sun ishi namiji. Hajiya kuma ta karɓi yaran, ta cika mini jaka da kilishi da dakuwa da garin yaji, kamar wanda za shi zaman kurkuku.

Jirgin sama ya yi daɗi, ba ni da ƙorafi a kansa. Daga babban birnin Uganda muka yi doguwar tafiya a mota har gindin duwatsun, muka haɗu da sauran. Akwai malaman jami'a 'yan ƙasar, da jagora, wani mutum mai shiru-shiru wanda ya tasam ma hamsin, da masu ɗaukar kaya. Shugabar tafiyar kuwa wata Baturiya ce tsohuwa tukuf, siririya kamar karan dawa, na tabbata ta girmi Hajiya. Da na gan ta sai hankalina ya kwanta. Na raɗa wa matata cewa in dai wannan za ta hau, ni da gudu zan hau.

Babu wanda ya gaya mini maganar taɓo. Ni a tunanina dutse abu ne busasshe mai tauri, irin namu. Wannan kuwa daji ne a tsaye, ruwa na zuba daga sama, yana tsatsowa daga ƙasa. Aka raba mana takalman roba irin na masu wankin mota. Ka taka nan ka nutse har gwiwa, ka ciro ƙafa takalmin ya ce shi ya zauna. Muka ratsa dajin gora, muka shiga wani wuri da itatuwa ke sanye da gansakuka kamar gemun tsofaffi. Tsohuwar nan kuwa tana gaba tana tsallake saiwoyi kamar akuya, har tana juyowa tana tambayata ko ina jin daɗin tafiyar. Alwala ta zama jarrabawa. Ruwan cizo yake yi. A nan na fahimci cewa duk wa'azin da Yaya ke yi a kan falalar alwala cikin sanyi, a Bauchi yake yin sa.

Bayan 'yan kwanaki muna hawa, kaina ya fara sarawa kamar ana daka a ciki. Na tauna citta. Na tauna kanumfari. Abinci ya ƙi zama. In na sunkuya ɗaura igiyar jaka sai in yi ta haki kamar wanda kare ya biyo. Na ɓoye iya ɓoyewa, amma wata safiya na fito daga bukkar katakon da muka kwana, na yi amai a gaban kowa, a kan jar rigar. Jagoran ya zo ya duba idanuna, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce in bi. Na bi shi kamar wanda ya fito daga mashaya. Ya ce ciwon tsauni ne, iska ta yi wa jikina kaɗan, kuma maganinsa guda ne: sauka. In na ƙara hawa, ba ya ɗaukar alhakin raina.

Matata ta ja ni bayan bukkar. Leɓunanta sun tsattsage, hancinta ya yi ja, amma idonta garau. Saura tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta isa wurin da ta yi shekaru tana zagayewa da layi.

“Malam,” ta ce, “in ka ce mu koma tare, mu koma. Ba zan riƙe ka a zuciya ba.”

Ba gaskiya ba ne, kuma mu duka mun sani. Za ta bi ni, wannan babu shakka. Za ta dafa mini abinci, ta gaishe ni kullum da ladabi, har mu tsufa, kuma duk ranar da na kalle ta zan ga dutsen nan a idonta. Na tuna Yaya da rawaninsa. Na ɗaga kai na dubi sama, babu abin da ake gani sai hazo.

“Je ki,” na ce. “Amma maganar nan a kan dutsen nan za ta mutu.”

“Muharramin fa?” Tana dariya, hawaye na zubo mata.

“Muharrami ya yi iya ƙoƙarinsa. Ga tsohuwar can, ki riƙe ta uwa. Na ga alama ko aljanu ba sa tare mata hanya.”

Ta gyara mini hular rigar, ta ce in riƙa shan ruwa. Na tsaya ina kallo har mayafinta ya shige cikin hazo a bayan tsohuwar.

Aka sauko da ni zuwa bukkar da ke ƙasa, aka bar ni da wani mai dafa abinci, dattijo mai fara'a wanda Turancinsa bai fi na Hajiya yawa ba. Da na sauko kaina ya saki kamar an kwance ɗauri. Safe, rana, yamma, dafaffiyar ayaba yake ba ni, ba gishiri, ba yaji. Na buɗe jakar Hajiya na miƙa masa kilishi. Ya ci yanka guda, ya yi hawaye, ya sha ruwa, ya sake miƙo hannu. Haka muka cinye shi tas.

Amma zaman bai yi mini daɗi ba. Ruwa bai tsaya ba, waya ba ta kamawa. Duk ƙarar da na ji daga sama sai gabana ya faɗi. Na yi ta tsara yadda zan tsaya a gaban mahaifinta in ce na kai 'yarsa wata ƙasa na bar ta a cikin gajimare, ni na dawo na zauna cin ayaba. Ban taɓa yin addu'a da gaske irin ta kwanakin nan ba.

Da suka sauko, ita na fara hangowa, taɓo har ƙugu, tana ɗingishi, fuskarta ta ƙone kamar ta wuni a bakin murhu. Ta zauna a kan dakalin bukkar, na cire mata takalman, ta karɓi shayi da hannu biyu.

“Ba fara ba ce, Malam,” ta ce. “Toka-toka ce, duk datti, kamar tsohon zani. Kuma ba shiru take ba. In ka tsaya za ka ji ruwa na gudu a ƙarƙashinta, ko'ina, kamar an bar famfo a buɗe.”

Ta ce sun bi gefen da na'urar. Wani wuri da ta daɗe tana zana shi a matsayin dutse, ashe ƙanƙara ce tsakuwa ta lulluɓe. Wani wurin kuma da take lissafawa cikin ƙanƙara, dusar ƙanƙara ce kawai da ke sauka ta narke.

“Ke nan duk wannan fifitar da tsakin, aikin banza kika yi?”

“Aikin da za a gyara na yi,” ta ce, har da murna, kamar wadda aka yi wa kyauta. Masu ilimin kimiyya mutane ne na daban. Ni in aka ce darasina akwai kuskure, sai na yi kwanaki ba na gaisawa da mutum.

Sai kuma ta ce a hanyar dawowa tsohuwar ta tsayar da su a kan wani faffaɗan falalen dutse, can ƙasa da inda ƙanƙarar ta tsaya yanzu. Tsohuwar ta ce musu zuwanta na farko, tana ɗaliba, a daidai nan ta kafa tanti, kuma a kan ƙanƙara ta kafa shi. Yanzu har 'yan tsirrai sun fara fitowa a tsagar dutsen. Tsohuwar ta zauna a wurin ta ce a ba ta shayi. Aka ba ta, ta shanye.

“To yanzu me za a yi?” na tambaya.

“Mu dai aunawa muke, mu rubuta. Ina jin yaranmu ba za su same ta ba in sun girma.” Ta miƙo mini kofin. “Akwai sauran kilishi?”

Na ce mai dafa abincin ne ya cinye.

Da muka dawo Bauchi, gidan ya cika kamar an dawo daga aikin Hajji. Aka toya masa da miyar taushe, 'yan unguwa suna ta shigowa barka da hanya. A majalisa na ba da labari yadda ya kamata. A matsayina na malamin Hausa na san amfanin kalmar “mu”. Muka ratsa taɓo. Muka shiga hazo. Muka isa, muka auna. Babu inda na ce “na”. Abokaina suka ce daman sun faɗa, citta ba ta ba da kunya.

Hoto ne ya tona. Bayan baƙi sun watse, muna zaune a tsakar gida da Hajiya da Yaya, Hajiya ta ce a nuna mata ƙanƙarar nan da aka hana mutane sakat a kanta. Matata ta kawo kwamfuta ta durƙusa ta buɗe. Ga su nan a jere a gaban wani bango mai toka-toka, tsohuwar a tsakiya, jagoran a gefe, matata ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙanƙarar. Hajiya ta matso da fuskarta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

“Kai kana ina?”

“Ni na ɗauki hoton, Hajiya.”

Ta ɗago ta dube ni. “Kai? Kai da ko hoton suna aka ba ka sai ka yanke wa mutane kawuna? Wannan ga kowa da kansa, har da ƙafafu.” Ta juya ga matata. “Ke, 'yar nan, a ina kika ajiye shi?”

Matata ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa don dariya. Ba ta ce komai ba, ta cika alkawari. Ni ne na ga babu mafita, na zayyana komai, har da layin da aka ja mini a ƙasa.

Yaya ya yi salati. “Ka bar ta a kan dutse cikin baƙin mutane, ka koma ka zauna?”

“Da ya bi ta, ai da gawa za ta ɗauko mana,” in ji Hajiya. “Yarinya ta tafi da shi, ta dawo mana da shi da ransa. Godiya za mu yi mata.”

Ba a jayayya da Hajiya a gidanmu, ko da littafi a hannu. Yaya ya ce mas'alar tana da sarƙaƙiya, zai duba abin da malamai suka ce a kan muharramin da ya kasa. Har yau bai ba mu amsa ba, ni kuma ban tuna masa ba.

Matata ta gyara layukanta, ta kammala karatun, yanzu ɗalibanta Dakta suke ce mata, ni ma haka nake ce mata in ina neman wani abu. Da aka sake kiranta dutsen, ba a ma yi zama ba. Hajiya ta yanke cewa ƙanen matata, wanda ke buga ƙwallo, shi zai raka ta, ni in zauna in kula da yara. Na koyi dama kunu a wannan zaman, bayan na ƙona tukunya guda har ta huje.

A kwanakin ne wata safiya na shiga gaishe da Hajiya na same ta a kan sallaya ba ta shafa addu'a ba tukuna. Ita addu'arta a bayyane take yin ta, kuma kowa da layinsa. Na tsuguna ina jira. Ta yi wa mahaifinmu, ta yi mana ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa jikoki, ta yi wa matafiya, ta yi wa awakinta. Sai na ji ta ce, “Allah, ƙanƙarar nan taka ta Uganda, in da hali ka sassauta mata.” Daga nan ta wuce kan shugabannin ƙasa, waɗanda ba ta daɗe a kansu ba.